Gida Goma Sha Ɗaya da Wayar Ƙasa

Ranar da ya fara ganinta, a durƙushe take a kicin ɗin Ummarsa, ta cusa kai ƙarƙashin wurin wanke-wanke, testa, abin gwajin wutar lantarki, a hannunta. Kwana uku ke nan Umma na cewa famfo yana jan ta idan ta taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu. Shi mai gyaran famfo ne, kuma shi ya yi aikin gidan, don haka ya rantse matsalar ba daga wajensa take ba. Aka kira mai gyaran wuta, sai ga budurwa da jakar kayan aiki.

Ta ɗago kai ta dube shi. Bawan Allah, nan take ya manta abin da ya shigo da shi kicin ɗin.

"Wa ya sa wannan guntuwar robar a tsakiyar bututun ƙarfe?"

"Ni ne. Wurin ya yi tsatsa, na yanke na sa roba. Ai ba ya yoyo."

"Ruwa kam ba ya zuba," ta ce tana murmushi. "Amma bututun nan a haɗe yake da wayar ƙasa. Idan wuta ta ɓalle daga hitar dumama ruwa, ta jikin ƙarfen take bi ta shige ƙasa. Ka yanke mata hanya, shi ya sa ta koma bin hannun Umma."

Ta gyara hitar, ta goge ƙarfen gefe da gefe, ta ɗaura waya mai kore da rawaya ta tsallake robar. Shi yana tsaye yana kallon hannunta. Umma kuwa ta haɗe rai, don ba ta taɓa jin an ce ɗanta ya yi kuskure ba, balle a gabanta, a kicin ɗinta.

Da yamma ya tura mata saƙo: "Sannu da aiki. Ba gidanmu kaɗai na yi wa haka ba. Gida goma sha ɗaya ne. Za ki raka ni mu gyara?"

Ta amsa: "Sarkin Roba, da ka yi shiru babu wanda zai sani. Asabar ƙarfe tara. Kai za ka riƙe jaka."

Haka suka fara, gida ɗaya duk Asabar. Shi zai yi sallama, ya sunkuyar da kai ya ce wa mai gida, "Na yi kuskure a aikinku, na zo gyarawa." Wasu su sa masa albarka, wasu su wanke shi tas. Ita tana gefe tana jin yadda yake shanyewa, kullum yana ƙara shiga ranta.

A gida na huɗu ya fara ce mata Haskena. Ta ce sunan ya yi mata yawa, amma ba ta hana shi ba.

A gida na shida, yana miƙa mata sukudireba ya ce, "Idan gidajen nan suka ƙare, da wane dalili zan riƙa ganinki?"

"Sai ka nemi dalilin da ba ya ƙarewa."

Ya nema kuwa, ya kai wa Umma maganar aure. Ashe wani mai gyaran famfo na ƙarshen layi, wanda ya daɗe yana son yarinyar ba ta kula shi ba, ya riga shi zuwa. Ya ce wa Umma ana yawo da ɗanta gida-gida ana zubar masa da mutunci.

"Wadda ta sa ka zama abin dariya tun a waje, me za ta yi maka a ɗaki?" in ji Umma. "Ba da yawuna ba."

Bai iya yi wa uwarsa musu ba. Asabar biyu suka wuce bai kira ba, ita kuma ta ɗauka kunyar tafiya da ita ce ta kama shi. Ta yi kukanta ta share, sannan ta rubuta: "Ko ba ni ba, ka nemi wani mai wutar. Saura gida biyar, kuma akwai yara a ciki. Kada fushinmu ya shafe su."

Ya amsa: "Ba fushi nake ba, Haskena. Umma ce. Ki yi min haƙuri."

Ya yi gida huɗu da wani dattijo mai gyaran wuta, aiki ya yi kyau, hira babu. Na ƙarshe gidan ƙanwarsa ne, wadda ba ta daɗe da haihuwa ba. Ƙanwar da kanta ta kira budurwar, ta ce da aikinta kaɗai ta yarda.

Shi da budurwar suka haɗu a ƙofa, kowa ya kasa kallon kowa. A ciki suka tarar da Umma ta zo ganin jika, ta naɗe hannun riga za ta tara masa ruwan wanka a banɗaki, ƙafarta babu takalmi a jiƙaƙƙen tayil.

"Umma, dakata," in ji budurwar, ta riƙe mata hannu.

Ta ɗora testa a kan famfon. Fitilar ciki ta kawo ja.

Umma ta dubi fitilar, ta dubi jaririn da ke kafaɗar uwarsa. Ta nemi bakin baho ta zauna, har aka kashe wutar gidan aka gano hitar da ta lalace.

"Da kin bar shi ya yi shiru, da yau ni zan buɗe famfon nan," ta ce a hankali. Ta share ido da gefen mayafi. "'Yata, ɗaura wayar, ina kallo."

Ta ɗaura, shi yana riƙe mata fitila.

"Gida nawa ya rage muku?" Umma ta tambaya.

"Sun ƙare, Umma."

"Saura ɗaya. Naku."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Ranar da suka tare, amarya ba ta duba kujeru ko labule ba, kicin ta nufa da testa a hannu. Ta leƙa ƙarƙashin famfo, sai ga waya mai kore da rawaya a ɗaure tsaf, ango ya riga ta.

"Na ci jarrabawa, Haskena?"

"Ka ci, Sarkin Roba."

Umma ce ta fara buɗe famfon, ta wanke hannunta babu fargaba, sannan ta ɗaga shi a jiƙe ta ce Allah ya ba su zaman lafiya, ya tsare duk wanda zai sha ruwan gidan nan.