Iri Daga Gidan Tururuwa

A gindin darbejiyar ƙofar gidan Nababa aka tsara tafiyar, ranar Alhamis bayan la'asar. Ƙauyensu yana yamma da Kunci, inda gona take manne da gona, sai layin gamba ke nuna iyakar kowa. Shekarar ta zo da nauyi. Daminar bara ta ɗauke da wuri, hatsi ya yi tsadar da dattawa ba su taɓa gani ba, ga boda a rufe. Kafin bazara ta yi nisa gidan Nababa sun cinye abin da ke rumbu. Daga nan suka cinye irin shuka. Shi da kansa ya buɗe tulun irin ya miƙa wa matarsa Safara'u, ya fita don kada ya ji ƙarar dakan.

Yanzu hadari yana haɗuwa a gabas kullum da yamma, shi kuwa ba shi da ƙwaya ɗaya da zai jefa a rami.

Mati, taubashinsa mai babur, ya tsuguna yana zana hanya a ƙasa da tsinke.

"Asubar Asabar mu tashi. Mu bi ta Kazaure, kafin Daura mu saki kwalta mu shiga burtali. Da hantsi mun tsallaka boda, kasuwa tana ci. Geronsu mai saurin nuna ne, kwana saba'in ka ɗaure dami. Ka ɗauki buhun barkonon nan, musaya za mu yi, nairarmu ba ta da daraja a can."

"Kafin magariba muna gida?"

"Har da saura. Zan ci cuku da dabino, in sha fura da nonon raƙumi. Bayan azahar akwai kokawa."

"Kai da iska take kayarwa, me ya haɗa ka da kokawa?"

"Kallo na ce, baƙauye. Kai kuma ka tsaya gadin babur."

Safara'u ta leƙo daga zaure ta ce in da hali a taho mata da kanwa. Mati ya ce har da turare zai sayo mata, tunda mijinta ba ya saye. Sannan ya goge zanensa da tafin hannu.

"In ma iri bai samu ba, sai mu tona gidan tururuwa kamar mutanen da."

Inna Hure, mahaifiyar Nababa, tana zaune kan tabarma a bakin zauren. Tun da aka fara tana jin su. Sai yanzu ta sa baki.

"Kada ka yi wasa da wannan, Mati. Ni na tona, ina yarinya, shekarar da muka ci tafasa ba gishiri. Ana yin sallama tukuna. A ɗebi na sama, a ɗebi na tsakiya. Ɗakin ƙasa ba a taɓa shi."

"Don me, Inna?"

"Irinsu ne."

Mati ya yi dariya. Nababa bai yi ba.

Tafiyar zuwa ba ta ba su wahala ba. Kasuwar ce ta ba su. Ruwa ya riga ya sauka a can kwana biyu da suka wuce, kowa ya ruga ya sayi iri. Layin masu hatsi duk buhuna ne a naɗe. Wani tsoho ya kakkaɓe musu gindin buhunsa, ƙaiƙayi ne da tsakuwa. Kokawar ma ba a yi ba, 'yan kokawar sun tafi gona shuka. Nababa ya zaga kasuwar sau uku. Daga ƙarshe ya ba da barkonon ya karɓi kanwa da ɗan dabino, ya naɗe buhunsa ba komai ya cusa a hammata. Mati ya samu cuku guda, ya ƙi taunuwa, ya jefa aljihu.

Ba wanda ya tsokani wani a hanyar dawowa.

Saura kaɗan su kai iyaka taya ta baya ta sace. Wurin kufai ne. Gindin bangaye, fasassun tukwane, kuka ɗaya da ta bushe. Rana ta sunkuya. Mati ya kwantar da babur ya fito da kayan faci. Nababa ya matsa gefe ya yi taimama ya rama la'asar.

Da ya yi sallama ta hagu ne ya gani.

Gidan tururuwa, faɗinsa ya kai tabarma biyu. Ruwan da aka yi ya jiƙa musu ajiya, sun fito da ita shanya. Gero ne, baje a kewayen ramin, zagaye sumul kamar shanyar mace mai tsabta. Manyan ƙwayoyi. Ba ƙaiƙayi, ba tsakuwa.

Ya ɗauki ɗaya ya tauna. Sabo ne.

Ya tattara na sama da gefen hannu, bai cika kwano ba. Ya je ya ɗauko ƙarfen cire taya.

"Me za ka yi?" in ji Mati.

"Abin da ka ce."

"Ni wasa nake."

Nababa ya durƙusa ya fara tono. Bai yi sallama ba. Daga baya ya ce mantawa ya yi. Mati kuwa ya ce kunya ya ji, babban mutum da gemu yana gaida tururuwa a gaban taubashinsa.

Ƙasar tana da laushi, tana ƙamshin ruwa. Kamu ɗaya ya samu ɗakin farko. Gero da 'ya'yan ciyawa a gauraye. Kamu biyu ya samu na tsakiya, duk ya jiƙe ya fara tsiro, yana warin tsami. Wannan ba zai yi iri ba. Ya ci gaba.

A nan ya fara jin ƙarar.

Dum. Dum. Dum.

Daka ne. Taɓarya a turmi, irin na mata biyu masu karɓa-karɓa. Ya ɗaga kai ya duba. Ba gida, ba hayaƙi, ba kowa sai sabara da kalgo har inda ido ya tsaya. Ya dafa ƙasa. A tafin hannunsa yake jin bugun.

Ƙarfen ya taɓa wani abu mai tauri. Ya share da yatsu. Murfin laka ne, an yaɓe bakinsa kamar yadda ake yaɓe bakin rumbu. A jikin yaɓen akwai sawun yatsu, biyar-biyar, a jere. Kowane bai kai na jariri ba.

Ya fasa.

Dakan ya tsaya.

Tsuntsayen da ke kan kukar ma suka yi shiru. Wani ƙamshi ya taso daga ramin, wanda duk manomi ya sani. Busasshen gero da tokar murhu.

Mati yana tsaye a bayansa, famfon taya a hannu. Da raɗa ya yi magana.

"Nababa. Tururuwa ba ta zuba wa iri toka."

"Riƙe min buhu."

"Inna ta ce..."

"Inna ba ta da gonar da za ta kwana ba shuka. Riƙe."

Ya cusa hannu har kafaɗa. Ɗakin yana da sanyi, bangonsa sumul. Ya dinga kwasowa. Toka ta yi masa fari har wuya. Buhun ya kai rabi. Ya shafa gindin ɗakin ya tattaro ƙwayoyin ƙarshe.

Rana ta taɓa ƙasa.

"Baƙo, ba sallama?"

A bakin ramin take zaune, ɗaya gefen. Tsohuwa. Tsayinta bai wuce turmi ba. Faifai a cinyarta, ba komai a kai. Muryarta kamar ana zuba hatsi a ƙwarya. Baƙin zanenta yana motsi, ba kuwa iska.

Ba zane ba ne, tururuwa ce.

"Salamu alaikum," in ji Nababa.

"Bayan ka shiga har ƙurya?"

Mati yana karanto duk abin da ya zo bakinsa, yana haɗa farkon sura da ƙarshen wata.

Tsohuwar ta leƙa ramin. Ta daɗe tana kallo. Ba ta yi fushi ba, wannan ne ya fi tsorata su. Ta ɗago ta dubi ƙafafun Nababa, inda jar ƙasar gida ta maƙale a faso.

"Ƙasarku tana riƙe ruwa?"

Tambaya ce da manomi yake amsawa ko cikin barci.

"Tana riƙewa, Inna. Ja ce. Ko taki kaɗan..."

Mati ya toshe masa baki da tafin hannu.

"Madalla," ta ce. "Mun gaji da yashin nan."

Ƙasa ta motsa a ƙarƙashinsu. Ƙafar Nababa ta nutse har idon sawu, sannan har ƙwauri. Daga kowane tsagi tururuwa suna fitowa, baƙaƙe, ba ƙara sai wani sassanyan shuu kamar yayyafi a kan kara. Suka hau ƙafafunsa. Suka shiga wando. Cizo ɗari a lokaci guda.

Mati ya fizgo shi ta wuyan riga. Taya rabin iska. Ya buga babur.

Shiru.

Ya sake bugawa.

Shiru.

"Jefar da buhun!"

Nababa ya rungume shi a ƙirji.

"Don Allah, don Annabi, jefar!"

Bai jefar ba.

A bugu na huɗu injin ya kama. Suka fizga cikin sabara, bayan babur yana rawa, ƙayoyi suna yagar musu gwiwa. Nababa ya waiga sau ɗaya. Tana nan zaune, tana kaɗe faifanta. Muryarta ta iso kunnensa kamar a kafaɗarsa take.

"Je ka shuka. Mun san ƙamshin tokarmu."

Sai da dare ya yi nisa suka shiga gari. Inna Hure ta karɓi buhun ta buɗe. Ta shinshina. Ta dubi ɗanta, fari fat da toka har gemu, ƙafafu a kumbure. Ta ɗaure bakin buhun ta koma ɗaki.

Ruwa ya sauka ranar Litinin. Nababa ya sari rami da sungumi, Safara'u tana bin sa tana jefa iri tana takewa. Maƙwabta suka ji labari suka zo, su ma nasu irin ya tafi cikin tukunya. Bai iya hana su ba. Gida tara ya ɗibar wa.

Ba a taɓa ganin gero irin na wannan shekara ba. Kara kamar rake, zangarniya kamar damtsen mutum. Masu wucewa zuwa kasuwar Tsanyawa suna tsayar da mota su kalla. Mutane suka fara dariya a dandali. Safara'u ta yi ƙiba a fuska tun kafin a ci ko ƙwaya.

Ranar da aka ɗaure damin farko, Larai mai tallan nono ta shigo gari tana cewa ta ga abin mamaki a burtalin arewa. Layin tururuwa, faɗinsa kamar tabarma. Ta bi gefensa tun daga rugarsu ba ta ga ƙarshensa ba. Duk kudu suka nufa, kowace da farin abu a baki.

Ƙwansu ne suka ɗauko.

Aka cika rumbuna aka yaɓe. Bayan kwana uku Safara'u ta sa a ciro mata dami. Ɗaurinsa yana nan, zangarniyoyin suna nan a jere, amma ba nauyi. Ko ƙwaya babu. An tsince su tas, ɗaya bayan ɗaya. Nababa ya fito da duk abin da ke rumbun. Haka. Sauran gidaje taran ma haka.

An gwada abin da aka sani. An zagaye rumbu da kananzir. An sussuka abin da ya rage a gona an zuba a durom an liƙe murfi da laka. Malam Uwaisu ya tara almajiran ilminsa manya aka sauke Alƙur'ani sau biyu. Da aka buɗe durom, sai iska mai ƙamshin toka.

Mati ya sayar da babur ya koma Ungogo yana tuƙa keke mai ƙafa uku na wani. Ba ya shan fura yanzu, ba ya kuma zuwa gida.

Wata rana da hantsi Inna Hure ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta kwanta ta manna kunnenta da ƙasa. Ta daɗe. Nababa yana tsaye a kanta. Shi ba ya buƙatar kwanciya, a tafin ƙafarsa yake ji.

Dum. Dum. Dum.

"Sun tare," ta ce.

Da bazara ta zagayo, ba wanda ya tsara tafiya neman iri. Washegarin ruwan farko, kowane gida cikin goman ya tarar da ɗan tsibi a bakin zaure. Gero ne mai kyau, gauraye da toka, daidai abin da zai ishi gonar gidan. Wasu suka rantse ba za su taɓa ba. Hadari ya ci gaba da haɗuwa, ba kuma wani irin. Kafin mako ya cika duk sun shuka.

Shekara uku ke nan. Gonakin ƙauyen sun fi na kowa kyau, mutanensa sun fi kowa rama.

A bayan gidan Nababa, inda rumbunsa yake a da, akwai rami mai faɗin tabarma biyu. Duk ranar da aka yi ruwa rana ta fito, sukan baje shanya a kewayensa. Nababa yakan zo da ƙaramar ƙwarya. Ya cire takalmi. Ya durƙusa, ya yi sallama da murya sosai, ba ya jin kunyar kowa yanzu. Sannan ya jira.

Ranar da aka amsa, gidansa su ɗora tukunya.