Hukuncin da Malama Ta Raba a Aji

A ajin shari'a na kwalejin share fagen shiga jami'a wata budurwa da wani saurayi suka haɗu. Malama ce ta haɗa su a shari'ar gwaji, budurwar mai gabatar da ƙara, saurayin mai kare wanda ake tuhuma. Dogo 'yan aji suke ce masa. Ta kayar da shi warwas, amma ana tashi ya biyo ta bakin ƙofa.

"Ranki ya daɗe, Mai Shari'a, a yi min sassauci a ara min littafinki."

Sunan ya bi ta. Kafin wata biyu tebur ɗaya suke zama a laburare, ita tana ce masa Lauyana.

A zango na biyu Malama ta raba musu kwafin wani tsohon hukunci, na ma'aikacin ofishin filaye da aka ɗaure shekara huɗu kan takardar jabu. Budurwar ta hango sa hannun babanta a ƙasa, don shi ne alƙalin, ta nuna wa Dogo tana murmushi. Ya miƙe ya fita, ko jakarsa bai ɗauka ba.

Da la'asar saƙonsa ya shigo: "Wanda aka ɗaure ɗin babana ne. Don in wanke shi nake karatun nan. Ki yi haƙuri da ni."

Sati uku bai zo aji ba, ga jarrabawa ta ƙarato. Ta kira har ta gaji, abinci ma ya fita ranta. Ta rubuta masa: "Lauyana, ko ni ka bari, kar ka bar karatunka."

Ƙarshe ta ɗauki jakar ta nemo gidansu. Mamansa ta tare ƙofa.

"Ke ce 'yar alƙalin? Ajiye ki juya. Abin da gidanku ya yi mana ya isa."

Daga ciki wani ya yi tari. "Bar ta ta shigo."

Baban Dogo ne a kan kujera, ya rame sosai. Ya dubi ɗansa da ke tsaye gefensa ya ce, "Alƙalin bai zalunce ni ba. Na san takardar jabu ce na sa mata hannu. Kunyarku ce ta hana ni faɗa."

Dogo ya durƙusa ya rufe fuska. Ita ma hawaye take, ta rasa wa za ta lallasa.

Ranar Litinin ya dawo aji da jajayen idanu, ya zauna kusa da ita. Da ƙyar ya haye jarrabawar.

Sai da suka gama jami'a Mama ta sauko ta amince da aurensu. Baban budurwar kuwa cewa ya yi, "Uban na hukunta, ɗan bai zo gabana ba."

Ranar ɗaurin aure Mama ta daɗe tana kallon amarya, sannan ta kama hannunta.

"'Yata, ki riƙe min shi. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya."