Fuskar Kofur Na'Allah

Kofur Na'Allah, ɗan doka, ya bar Kurgu a kan kekensa rana ta yi ja, bayan ya kai sammaci. Shekara guda ke nan da samun 'yancin kai. Ko ruwan sha ba wanda ya ba shi a garin. Yana hawa keken ma wata tsohuwa ta tofa yawu a inda ya tsaya.

Ya san dalili. Cikin wata takwas, fatake shida aka tsinta a shaƙe a hanyar iyakar Dahomey, kayansu na nan ba a taɓa ba. Duk mai shaidar da aka kawo ofis a Bagudo, sai ya rantse cewa wanda ya gani a wurin shi ne mutumin da aka kashe kafin wannan. Saja Gaji, shugabansu, ya ce raini ne, ƙauyawa na ɓoye ɗan'uwansu. Ya ce a zane su, kuma Na'Allah ne mai riƙe dorina. Barira mai daddawa, 'yar Kurgu, ta ce Hamma mai kifi ta gani, ɗaya daga cikin waɗanda aka shaƙe, alhali an yi sadakar arba'in ɗinsa. Na'Allah ya kwaɗa mata mari a gaban 'ya'yanta. Tun daga ranar kowa ya kama bakinsa. Jandarmomin Dahomey kuwa, 'yan sandan can masu jin Faransanci, takarda uku aka aika musu da Turanci, ko ɗaya ba su amsa ba.

Ya kai bakin fadama sai sarƙar keken ta zame. Ya sauka yana zagi, ya durƙusa.

Kwaɗi suna ta kuka. Sai suka yi tsit gaba ɗaya.

Warin bandar kifi ya daki hancinsa. A ƙarƙashinsa akwai wani wari, na jiƙaƙƙiyar ƙasa da aka tone.

Taku a bayansa. A hankali. Ƙafa ɗaya tana ja.

"Sannu da aiki, Kofur."

Ya waiwaya. Hamma ne, da kwandon kifi a ka. Na'Allah da hannunsa ya ɗora gawar mutumin nan a kan jaki. Ga shatin yatsu nan a wuyansa, baƙi ƙirin.

Amma fuskar ba ta zauna daidai ba. Ta saki ta gefe guda, kamar rigar aro. Idanun ba sa ƙiftawa.

"Wane ne kai?" in ji Na'Allah.

"An sha gaya maka. Ka yi ta dukan mutane."

Abin ya sauke kwandon. Babu kifi a ciki.

"Wagga fuska ta tsufa," in ji shi cikin raɗa. "Taka ta fi. Wa zai ƙi tsayawa in ɗan doka ya tsai da shi?"

Na'Allah ya zaro kulki ya maka masa a ka. Kamar ya daki laka. Kulkin ya nutse, ya ƙi fita.

Hannu mai sanyi ya rufe masa fuska. Ɗaya hannun ya kama maƙogwaronsa.

Ya ji yatsun suna bin goshinsa, hancinsa, tsagar kumatunsa. Suna aunawa.

Numfashi ya ƙare. Ya nemi Ayatul Kursiyyu, bakinsa ya kasa.

Can daga ƙauyen Bahindi iska ta kawo kiran sallar magariba.

Yatsun suka sassauta.

Ya fizge. Ya bar keke, ya bar hula, ya yanki gonar dawa da gudu, karan yana yankar hannuwansa. A bayansa wani yana dariya. Da muryar Na'Allah.

Da ya isa ofis ya faɗi duk abin da ya gani. Saja Gaji ya matso ya shinshina bakinsa ko ya sha burkutu, sannan ya ce idan ya sake jin zancen nan zai tuɓe masa kaki.

Kwana tara bayan haka aka tsinci gawa ta bakwai. Wannan karon ba a aika sammaci ba. Mutanen Kurgu da kansu suka zo, sun fi ashirin, Barira na gaba. Ta nuna Na'Allah da yatsa.

"Wanga na gani. Da idona."

Na'Allah ya dube ta. Ya san ba ƙarya take yi ba.

Saja Gaji ya daɗe bai yi murna irin ta ranar ba. Ya buga wa manyansa waya cewa an kama mai kisa. Na'Allah yana kurkuku lokacin da fatake suka fara kawo labari daga hayin iyaka: wani ɗan dokan Nijeriya yana tsai da matafiya da almuru, an riga an tsinci gawa uku.

Saja ya saurare su har suka gama. Ya ɗaure fayil ɗin da igiya, ya jefa a saman kabad.

"Can ba ƙasarmu ba ce," in ji shi.