Roƙon da Likita Ya Ƙi Karɓa

Kowa a ƙauyenmu na Friesland, can ƙasar Turawa, ya san ba talauci ne ya dami Tjerk ba. Shanun ƙaninsa Wiebe ne suka hana shi sukuni. Duk sanda ya wuce sabon garken a kan keke, sai ya kau da kai yana tsaki.

Wata Lahadi, mutane suna coci, ya bi gefen fadama zuwa bukkar tsohuwa Geeske bokanya. Ɗakin yana warin hayaƙi da ruɓaɓɓiyar madara. Ga ƙoƙon kan saniya a bisa tebur, ga tulun gilashi, wani baƙin kifi mai siffar maciji yana juyi a ciki.

"Ka zo a sa ka fi ƙaninka," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Amma ban da jini, Kaka. Ni ba na kisa."

Ta yi dariya. "Yaro ke nan. Wa ke wahalar kisa a ƙasar nan? Doka ta ce majinyaci ya roƙi mutuwa da bakinsa, likitoci su duba su ba shi. Son rayuwa kawai nake karɓa, na mutanen gidanka."

"Ni fa?"

"Kai za ka daɗe."

Ya tofa yawu a tulun. Kifin ya haɗiye.

Garkensa ya bunƙasa har ya shafe na Wiebe. Sai matarsa Aukje ta kwanta da ciwon da wasu ke daɗewa suna kokawa da shi. Ita ba ta yi kokawa ba. Ta roƙi likita ya kawo ƙarshen rayuwarta. Aka yi ban kwana da kofi da kek, tana murmushi. Bayanta ɗansu Jelle ya kwanta, shi ma ya roƙa.

Tjerk ya fara ganin kifin a tankin madara, yana yi masa magana. Ya ruga wurin likita.

"A sallame ni kamar su."

"Tjerk, hankalinka ba ya jikinka. Doka ba ta karɓar roƙon wanda ba ya cikin hayyacinsa."

Yau yana gidan kula da tsofaffi, mutuwa ta ƙi zuwa. Wiebe yakan zo da jikokinsa, ya ba shi miya a baki, yana cewa, "Buɗe, yaya." Shi kuwa idonsa na kan maƙabartar da ke bayan taga, yana hassadar na kwance.

Mai leƙen garken ɗan'uwansa, ka ji da kyau: abin da za a karɓa a hannunka yana cikin gidanka, yana numfashi.