Abin da Ya Haddace Ragib a Rumfar Fako

La'asar ta yi sanyi lokacin da Ragib ya fito daga rumbun ciyawa, dunƙulen gishiri a hammata, bindiga a kafaɗa. Matarsa Behija tana tsugune a bakin ƙofa tana ɓare wake. Ko kai ba ta ɗaga ba.

"Can ɗin dai za ka koma?"

"A'a, Makka za ni."

"Allah ya karɓi ibada. Yau kwana goma sha biyu ke nan, kai mutumin nan. Ko kaza in ta ga ƙwai ya ƙi fashewa, tashi take yi."

"Ki ji da wakenki."

Haka Ragib yake tun yana yaro. A duk ƙauyen Brezik babu wanda ya kai shi taurin kai, kuma furfura ba ta rage masa komai ba. Ya dasa 'ya'yan tuffa arba'in a gangaren da ya gada, sai wani ƙaton namijin barewa ya riƙa saukowa daga dutse yana saɓule musu ɓawo. Mutane suna kiransa Mai Rassa, don ƙahonsa ya yi rassa kamar busasshiyar bishiya.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ana shan gahawa, yayansa Fehim ya yi masa dariya a gaban jama'a. Ya ce bindigar ubansu ta faɗa hannun mai gadin tuffa. Tun ranar da aka raba gadon ubansu marigayi Salko, Fehim ya ɗauki gida, Ragib ya ɗauki gangare da bindiga, kowannensu yake ganin an cuce shi. Ragib ya buga hannu a tebur. Ya rantse in dusar ƙanƙarar farko ta hunturu ta sauka bai rataye ƙahon Mai Rassa a ƙofarsa ba, zai kai wa Fehim bindigar har gida da hannunsa. Namiji mai hankali ba ya rantsuwa a kan abin da ke daji. Amma ya riga ya yi, kuma mutane sun ji.

Ubansu ya bar wata rumfar fako a cikin kwari, 'yar bukkar katako a saman tsohuwar bishiya, da tsani mai hawa tara. Tana kallon wani fili inda barewa ke zuwa lasar gishiri. Dokar Salko a kanta ɗaya ce: yamma biyu a jere, sannan a bar ta kwana bakwai ta huce. In an tambaye shi dalili, sai ya ce warin mutum yana taruwa a wuri, barewa ta shaƙa ta sauya hanya. In an matsa masa, sai ya rage murya ya ce dabbobin daji suna da makiyayinsu, kuma ba barewa kaɗai ke lura da mai zama wuri ɗaya ba.

Ragib ya ce wannan zancen tsofaffi ne. A filin nan ya taɓa hango Mai Rassa sau ɗaya, don haka a nan zai zauna har ya dawo.

Hanyar kwari ta bayan dangar Fehim ta bi. Fehim yana nan jingine da ita, yana zuƙar tabarsa ta gida mai warin tsumma.

"Sannu, sarkin maharba. Nama ya yi yawa ne, ba ka aiko mana ba?"

"Naka yana tafe, Yaya. Kofato zan aiko maka ka yi miya."

"Dubi sama, jaki. Gajimaren ƙanƙara ne wancan. Ka shafa wa bindigata mai, ba na son tsatsa." Ya tofar da yawu. "Kuma ka sauya rumfa. Akwai ta bakin rafi, akwai ta saman tudu. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi."

"In na zama kifi zan tuna."

"Tsohonmu bai taɓa wuce biyu ba."

"Tsohonmu ya mutu. Kai kana kwana a ɗakinsa, ni ina zama a rumfarsa. Kowa ya riƙe nasa."

Ya wuce bai waiwaya ba.

Dajin ya jiƙe sharkaf. Ganyen da ya zube ya ruɓe, yana lumewa a ƙarƙashin takalmi ba ƙara. Warin laka da rima ya cika hanci. Da ya isa fili ya tarar da gishirin makon jiya yana nan yadda ya ajiye shi, babu alamar harshe, babu sawun kofato ko ɗaya. Ya ajiye sabon kusa da tsohon.

Akwai wani abu da bai faɗa wa kowa ba. Tun yamma ta biyar ya lura da wani wuri a ƙarshen filin inda ciyawa ta kwanta, daidai faɗin mazaunin mutum, yana fuskantar rumfa. Ya ce aladen daji ne. Washegari wurin ya matso tsakiyar fili. Bayan kwana biyu ya wuce gishiri.

Yau yana gindin tsani.

Ragib ya tsaya yana kallonsa. Ya sunkuya ya taɓa. Da ɗumi.

Mai hankali da nan ya juya gida. Shi sai ya ɗaga kai ya kalli gajimare, ya tuna dariyar Fehim, ya kama tsani.

A hawa na uku ya yi ɗan tarinsa, kamar kullum, don nan ne ƙirjinsa ke tokarewa. Ya shiga rumfa, ya rataye hula a ƙusa, ya ajiye gorar gahawa a hagu, ya zauna a dama, ya murza gwiwarsa mai ciwo sau uku. Ya ɗora bindiga a kan katakon gaba. Sannan ya fara abin da yake yi kowace yamma don lokaci ya wuce: gunaguni ƙasa-ƙasa a kan Fehim, da gidan, da yadda aka yi rabon, da abin da yake fata ya same shi.

Haske ya fara ja da baya. Hazo ya taso daga rafi ya kwanta a kan fili. Daga can ƙasan kwari ya jiyo kiran magariba, siriri, iska na kawo shi tana mayarwa.

Ladan bai kai ƙarshe ba sautin ya yanke.

Rafin ma ya yi shiru. Ɗigon ruwan da ke sauka daga ganye ya tsaya. Ragib yana jin bugun jininsa a cikin kunne.

Sai wari ya zo. Warin jiƙaƙƙiyar fata da tsohuwar toka.

Tsani ya yi ƙara.

Hawa ɗaya.

Hawa biyu.

A na uku aka yi tari. Ɗan gajeren tari mai tokarewa. Nasa ne, babu ko tantama, amma ba daga ƙirjinsa ya fito ba.

Ya so ya juya, wuyansa ya ƙi. Yana ji ana hawowa a hankali, ana hutawa a inda yake hutawa. Ƙofar rumfa ta buɗe. Hularsa ta motsa a jikin ƙusa, kamar an rataye wata a kanta. Bencin ya lotsa ta gefen hagu, har kafaɗarsa ta karkata.

Aka kwance murfin gorar gahawa. Aka kurɓa.

Sannan ya ji tafin hannu yana murza gwiwa. Sau uku.

"Matsa kaɗan," aka ce a kunnensa. Muryarsa ce, a raɗa.

Ragib bai matsa ba. Ba ya iyawa.

"Da fari ban kula ka ba. Kowa yana zuwa ya tafi. Kai ka zauna. Na zauna. Yanzu na haddace ka."

Numfashin mai maganar sanyi ne da shi, kamar iskar rijiya.

"Dabbobina na kora su tudu tun kwana tara. Amma ba za ka koma hannu biyu ba. Duba."

A bakin fili hazo ya tsage. Mai Rassa ya fito, ƙahonsa yana kaɗa ƙananan rassa, ƙirjinsa a buɗe, taku bai fi talatin ba. Makaho ma ba zai kuskure ba.

Wani hannu ya kama bakin bindigar ya daidaita masa. Yatsun dogaye ne, sun zagaye ƙarfen sau biyu. Ragib ya ga nasa yatsan ya hau kunamar bindigar, bai san lokacin da ya ɗora shi ba.

"Harba."

Iska ta ɗan juyo daga fili.

Ta kawo warin taba. Tabar gida mai warin tsumma.

Barewa ba ta shan taba.

"Eh," muryar ta ce, da 'yar dariya. "Ka san ko wane ne. To, sai me? Yamma goma sha ɗaya kana roƙon wannan a gabana. Gida ya zama naka. Bindiga ta zauna. Za a ce hazo ne."

Mai Rassa ya ƙara taku ɗaya.

Yatsan ya fara matsawa da kansa.

Abin da Ragib bai taɓa musantawa ba, har ya koma ga Allah, shi ne cewa na ƙiftawar ido ɗaya zuciyarsa ta ce to.

Harshensa ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Ya nemi Ayatul Kursiyyu ya rasa farkonta. Ya nemi Fatiha ta ɓace. Abin da ya rage masa shi ne wanda uwarsa ke sa shi faɗa kafin ya sa hannu a akushi.

"Bismillah."

Da kyar ta fito. Yatsun nan suka yi sako-sako. Ya doke gindin bindigar da kafaɗa, bakinta ya ɗaga sama, ta tashi. Wuta ta haska rumfar.

A cikin hasken ya ga na kusa da shi.

Fuskarsa ce, da gemunsa, da tabon goshinsa. Sai dai idon a kwance yake irin na akuya, kuma bakin bai tsaya inda bakin mutum ke tsayawa ba.

Bai nemi tsani ba. Ta gaba ya faɗa.

Ya ji ƙafarsa ta yi ƙas a ƙarƙashinsa. Da ya ɗaga kai, babu Mai Rassa. Fehim ne kwance rub da ciki a cikin ciyawa, hannu biyu a ka, guntayen rassa suna zubo masa.

"Ni ka harba? Ni, mahaukacin banza? Matarka ta zo tana kuka in zo in sauko da kai, shi ne..."

"Yaya. Yi shiru."

"Kai za ka ce in yi..."

"Kada ka kalli sama."

Fehim ya yi tsit. Shekara ashirin rabon da ƙanensa ya kira shi Yaya ba da gatse ba.

A sama aka buɗe cikin bindiga. Kwanson harsashi ya faɗo tsakaninsu, yana hayaƙi. Suka ji an zura sabo. Aka rufe.

Fehim ya tattaro shi ya saɓa a baya. Tsoho ne mai shekara sittin da biyu, amma bai bi hanya ba, ta cikin ƙaya ya yanka, yana karkacewa daga bishiya zuwa bishiya. Ragib yana jin ido a tsakiyar bayansa, daidai tsakanin kafaɗu, yana bin su. Sai da suka tsallake rafi suka sake jin ƙarar ruwa.

Kafin su kai danga, ƙanƙarar farko ta fara sauka.

Rantsuwa ta faɗi, bindiga ta zama ta Fehim. Bayan kwana biyu, da rana tsaka, ya tafi ɗaukowa tare da liman da wasu maza biyu. Daga nesa suka hango ta a kan katakon gaba, bakinta ya bar fili ya juyo yana kallon hanyar da mutum zai fito. Suka kewaya ta hagu. Da suka sake dubawa, tana kallon hagu.

Liman ya ce shi karatu ya iya, ba hawan tsani ba. Fehim ya ce ya yafe. Tana can har yau, in tsatsa ta bar wani abu.

Kada wani ya zaci 'yan'uwan sun shirya. Fehim ya je duba ƙafar sau ɗaya, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Kuskure ne ko niyya?" Ragib ya juya fuska ga bango. Fehim ya gyaɗa kai ya fita. Ba su ƙara shan gahawa a tebur ɗaya ba.

Ƙafa ta warke a karkace. Tuffa kuma aladen daji suka ƙarasa. Amma abin da kowa ya lura da shi wani ne dabam. Ragib bai ƙara zama wuri ɗaya sau biyu a jere ba. Yau ya ci abinci a bakin murhu, gobe a gindin taga, jibi a tsaye. A masallaci kullum sabon sahu. Behija ta gaji da jan shimfiɗa daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta yi ta masifa, ba ta daina ja ba.

Shekara tara ya yi a haka. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, sau biyu a rana ake ɗaga shi a sauya masa ɗaki. A ranar ƙarshe ya kama hannun liman ya jawo shi kusa.

"Malam, a can fa? In an kwantar da ni, ba a sake tayar da ni a sauya mini wuri, ko?"

Liman ya fara karatu da ƙarfi.