Mai Rigar Lemo Ba Ya Wuce Kowa

Ranar da Auta ta fara zuwa gudun Asabar, raini ne ya kawo ta. Ƙawarta a kantin maganin da suke aiki ce ta ishe ta da labarin wurin, wai kowace Asabar ƙarfe takwas mutanen unguwa suna haɗuwa a lambun shaƙatawa su zagaya tafki sau uku, kilomita biyar ke nan, kowa da irin tafiyarsa. Auta kuwa 'yar Koci ce, tsohon ɗan tseren gudu mai horar da matasa. A gidan da aka jera lambobin yabo talatin da ɗaya a bangon falo ta tashi, kuma a gidansu ɗumama jiki ake ce wa kilomita biyar.

Ta tsaya a bakin layi tana ƙare musu kallo. Ga mai tura keken jariri, ga tsoho da sanda, ga wasu mata biyu da tun kafin a fara suke gulmar surukansu. Ta taɓe baki.

Ana busa usur ta fita kamar an biyo ta. A zagayen farko mutum huɗu ne kawai a gabanta. A tsakiyar na biyu wani abu ya soke ta a ƙarƙashin haƙarƙari, numfashi ya gagara. Mai keken jariri ta wuce ta. Matan nan biyu suka wuce ta, ko katse gulmarsu ba su yi ba. Tsoho mai sanda ma ya wuce, har da yi mata sannu.

Sai ta ji taku a bayanta, ba ya matsowa, ba ya yin nisa. Ta waiga ta ga wani dogon saurayi sanye da riga ruwan lemo, yana riƙe da gorar ruwa.

"Malam, hanya a buɗe take. Wuce."

"Ba na wuce kowa."

"Tausayina kake ji?"

"A'a, aikina ne. Mai wannan rigar shi ke zuwa na ƙarshe, don kada wani ya zo na ƙarshe."

"Yanzu wannan ma aiki ne?"

"Shekara biyu ina yinsa, kuma ba a taɓa korata ba."

Ba ta so yin dariya ba, amma ta kuɓuce mata, haƙarƙarin ya ƙara sukarta. Ya miƙa mata gorar, ta karɓa ba godiya. Da rana sakamako ya shigo wayar kowa, ta ga sunanta na hamsin da bakwai cikin mutum hamsin da takwas. Ta daɗe tana kallon sunan da ke ƙasan nata.

Mai rigar lemon kafinta ne, shagonsa na bayan tashar bas, amma a lambu kowa Na-Baya yake ce masa. Auta ta dawo Asabar ɗin gaba, wai don ta wanke kanta. Ta gama a minti ashirin da shida, ta sha ruwa, sai ga ta ta koma da baya tana neman rigar lemo. Haka ta yi a ta uku da ta huɗu, har matan gulma suka samu sabon abin yi.

A ɗaya daga cikin ranakun ya ba ta labarin rigar. Bayan mahaifiyarsa ta tashi daga jinya, likita ya ce ta riƙa tafiya, shi ne ya kawo ta lambun. Mai rigar wannan ranar ya gaji da jira ya wuce abinsa. Inna ta shigo ita kaɗai ana tafa mata irin tafin tausayi, da rana kuma ta ga sunanta a can ƙasa. Wata biyar ba ta sake leƙowa ba.

"Shi ne na karɓi rigar, na ce mata ba za ta ƙara zama ta ƙarshe ba. Kin gan ta can da ɗankwali kore. Yanzu ko waigowa ba ta yi."

Tun daga ranar Auta ta san ta faɗa tarkon so, ba ta kuma yi wa zuciyarta gardama ba. Kowace Asabar bayan an tashi sai saƙonsa ya shigo wayarta.

"Sarauniyar Gaggawa, kin isa gida? Na san kin riga bas ɗin isa."

"Na isa, Na-Bayana. Kai fa, ko har yanzu kana jiran tsoho mai sanda ya ɗaura takalmi?"

"Mun gama. Duk duniya mutum ɗaya nake so in cim ma, ita kuma ba ta tsayawa."

"Ka ƙara sauri mana."

"Ki rage naki dai. Ina nan a bayanki har abada."

Wata bakwai suna haka kafin ya je gaida Koci. Koci na zaune a kujerarsa ƙarƙashin lambobin yabo, ƙafarsa ta dama a miƙe kan ƙaramin teburi. A zamaninsa ya yi gudun kilomita arba'in da biyu sau goma sha tara, kuma ba wanda ya taɓa shan shayi a gidan bai ji lissafin ba. Tuni ya binciko sunan yaron a waya. Ya ɗora tabarau ya shiga karantawa da ƙarfi.

"Na ƙarshe. Na ƙarshe. Na ƙarshe. Sau ɗari da ashirin da shida. Yaro, ko kunkuru aka saka a nan ai wata rana zai yi kuskure ya wuce wani."

"Abba, ai na faɗa maka rigar ce," in ji Auta daga bakin ƙofa.

"Na ji. An ƙirƙiro wa lalaci muƙami, har da yunifom." Ya juya ga Na-Baya. "Wanda ya yi biyar ya nemi goma, wanda ya yi goma ya nemi ashirin da ɗaya. Haka mutum yake. Kai shekara biyu da rabi kana zagaya tafki ɗaya kamar agwagwa. Wanda ba ya son ci gaba a ƙafarsa, a gidansa ma ba zai so ba."

Na-Baya ya sunkuyar da kai. "Baba, ba kowa ne ya fito don ya ci gaba ba. Wasu fitowar ce ci gabansu."

"Wa'azi na tambaye ka? Nan da wata huɗu akwai gudun ashirin da ɗaya. Yarana suna atisaye kowace Asabar ƙarfe takwas. Ka cire wannan tsumman ka bi su. Ka kawo mini lamba, sai mu yi maganar aure."

Cikin yaran nasa akwai wanda ake ce wa Zakara, kuma shi Koci ke yi wa Auta sha'awa. Zakara ba ya gaisawa da mutum sai ya duba agogonsa, mai faɗa masa bugun zuciyarsa da barcinsa da adadin takunsa. Sau uku ya zo hira wurin Auta, sau uku ta koyi abin da yake ci kafin gudu da man da yake shafa wa cinyarsa. Ko sau ɗaya bai tambaye ta yadda ta wuni ba.

Abin da ya ƙona ran Auta shi ne Na-Baya ya ƙi sharaɗin.

"Asabar goma sha shida ce kawai. Ka ba wani rigar mana."

"Na taɓa bayarwa sati ɗaya da na yi zazzaɓi. Wanda ya karɓa ya bar tsoho mai sanda a zagaye na uku ya tafi ɗaurin kaya a shagonsa. Zan yi atisaye ni kaɗai ran Lahadi."

"Abba ya ce da yaransa, ran Asabar. Wato ka zaɓi riga a kaina."

"Ba haka ba ne, Sarauniyata. In na cire ta don in burge shi, wanda za ki aura ba shi ne wanda kika waiga kika gani ba."

"To ka auri rigar."

Kwana goma sha biyu ba ta amsa saƙonsa ba. Ta rame, ta riƙa miƙa wa masu ciwon kai maganin tari har mai kantin ya yi mata magana. Tana son sa, tana jin haushinsa, kuma can ƙasan ranta ta san ba shi ne mai laifi ba, abin da ya fi ba ta haushi ke nan.

Umma, mahaifiyar Auta, ce ta gaji. Tana goge lambobin yabon nan da ta shekara talatin tana gogewa, ta ce ba tare da ta juyo ba, "Abban Auta, kai da ke auna mutane da kilomita, yaushe rabonka da zagaya ko layin nan namu? Shekara shida ke nan tun da gwiwar nan ta zaunar da kai. Likita ya ce ka riƙa tafiya, ka ƙi, don kada a ga Koci yana ɗingishi. Waɗanda kake zagi dai sun fita."

Koci bai ci abincin rana ba. Ran Asabar ya fito da tsohuwar rigar gudunsa da ta matse shi a ciki, ya kira Zakara, ya ce a zo a nuna wa 'yan zagayen tafki yadda ake yi. Auta ta bi su.

Zakara ya gama a minti goma sha bakwai. Ya danna agogo, ya ɗauki kansa hoto ta gefe uku, ya ce yana da sauran kilomita goma sha biyar da zai cike, ya fice ta ƙofar lambu. Bai tambayi inda malaminsa yake ba.

Malaminsa kuwa yana farkon zagaye na biyu, gwiwa ta riƙe. Mai keken jariri ta wuce. Matan gulma suka wuce, wannan karon sun yi shiru, wanda ya fi gulmar ciwo. Wata dattijuwa mai ɗankwali kore ta rage tafiya ta ce, "Sannu malam, ranar farko haka take. Kar ka fasa zuwa, za ka saba." Koci, mai lamba talatin da ɗaya, ya kawar da kai ya ci gaba da ɗingishi.

Sai ya ji taku a bayansa. Bai waiga ba, ya san ko wane ne.

"Wuce."

"Ba na wuce kowa, Baba."

"Na ce ka wuce. Ba na son rakiya."

"Ba rakiya ba ce. Wurina ne nan."

Koci ya zauna a kan benci, ya ce to shi ya fasa, sai a tashi. Na-Baya ya tsaya taku biyu a bayan bencin, ya ce ba a rufe agogo sai mai riga ya shiga, shi kuma ba ya shiga sai kowa ya shiga. In Baba ya fasa, sai ya faɗa da bakinsa a rubuta. Koci ya ɗago ya hango bakin layi. Waɗanda suka gama tuntuni ba su watse ba, ga Auta a gaba ta haɗa hannu a ƙirji. Sau goma sha tara ya yi arba'in da biyu, ba a taɓa rubuta masa ya fasa ba.

Ya miƙe. Na-Baya bai kama shi ba, bai ba shi baki ba, bai ce saura kaɗan ba. Gorar ruwa kawai ya miƙo ta gefe, Koci ya karɓa ba godiya. A zagaye na uku, wajen da itatuwa suka kare su daga idon mutane, tsohon ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"In na shiga, kada su tafa mini."

"Na hana su irin wannan tafin tun shekara biyu da rabi. Sannu kawai za su ce."

Awa ɗaya da minti goma sha huɗu suka yi. Koci ya taka layi, aka ce masa sannu, aka miƙa masa ɗan katin lambarsa. Na-Baya ya jira ya matsa, sannan ya taka. Auta ta zo ta tsaya kusa da shi, idonta ya cika.

"Ka yafe mini, Na-Bayana."

"Ai ban je ko'ina ba. Na ce miki ina baya."

Da rana sakamako ya shigo. Umma ta ga Koci ya ɗora tabarau yana kallon waya, ya kai yatsa can ƙasa ya tsaya. Na sittin da biyu cikin sittin da uku. Ya daɗe a haka, sannan ya share ido da bayan hannu ya ce fankar ce ke hura masa ƙura.

"Auta, ki ce wa yaron nan ya turo manyansa."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Zakara bai samu zuwa ba, yana da atisaye. Matan gulma suka zo da wuri suka kama kujerun gaba, tsoho mai sanda ya yi addu'a mai tsawo, Inna da Umma suka rungume juna suna kuka suna dariya. Kyautar ango ga surukinsa ƙaramin firam ne da ya yi da hannunsa, da takardar sakamakon ranar a ciki. Koci ya ce shirme ne, sannan ya sa aka matsar da lambobi biyu aka kafa masa ƙusa a tsakiya.

Har yau yana cewa kilomita biyar ɗumama jiki ne, kuma har yau ba ya fashin Asabar. Ranar bikin, da amarya da ango suka durƙusa a gabansa za su tafi, ya dafa kan Auta, ya dafa kan Na-Baya.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ke kuma ki rage gaggawa. Na ba ki ga mutumin da na tabbata ba zai taɓa wucewa ya bar ki a hanya ba."