Gado na Ashirin da Bakwai

Rana ta faɗi a kan birnin Multan, tsuntsaye sun yi tsit, sai Nighat ta fito da tiren magani kamar kullum. Shekararta sha tara tana jinyar tsofaffi a gidan nan, kuma a duk garin babu mai hannun allura irin nata. Ita ce ta faɗa, amma dai an faɗa.

Dutsen farko ya faɗo kan rufi. Na biyu ya faɗo cikin tiren, da ɗumi kamar an ciro shi daga aljihu. Ta leƙa tsakar gida, ba kowa, sai kututturen tsohuwar bishiyar da aka sare shekaranjiya don motar asibiti ta samu wurin juyawa.

Tun daga wannan magaribar ɗaya daga cikin tsofaffin, wadda ake kira Amma Zaitun, ta rufe baki. Tsohuwa ce da shanyewar jiki ta ɗauke wa magana shekara uku, amma ba ta taɓa ƙin cokalin Nighat ba. Yanzu haƙora sun datse. Ba ruwa, ba shinkafa, ba magani. Kwana uku, jijiyar hannunta ta koma kamar zare, allurar da ake taƙama da ita ta lanƙwashe sau biyu. Nighat ta san ba za ta kai kwana na biyar ba.

Aka kira wani malami, Hafiz Karamat. Ya zauna gefen gadon, ya daɗe yana karatu, har duhu ya cika ɗakin. Sannan bakin da ya shekara uku shiru ya buɗe, muryar wani tsoho ta fito, a gajiye.

"Malam, rage murya. Ni ba kurma ba ne."

"Wane ne kai? Me ta yi maka?"

"Ba ta yi min komai ba. 'Ya'yana ne suka ajiye ni a bishiyar can, suka ce za su dawo. Shekara ɗari biyu ke nan. Yanzu kun sare ta. Ina zan je?"

"Fita daga jikinta."

"A ba ni gado. Kuma waccan mai hura hancin ta riƙa juya ni duk bayan awa biyu, yadda take yi musu. Bayana duk gyambo ne."

Tsoro ya hana Nighat numfashi, amma bai hana ta baki ba. "Baba, mu biyu ne a kan tsofaffi ashirin da shida! Sau biyu a rana."

"Huɗu."

"Uku," in ji Hafiz. "Kuma ka rantse za ka fita."

Ya rantse. Sai Amma Zaitun ta saki wani dogon numfashi, haƙora suka rabu. Nighat ta kai mata cokalin ruwa, tsohuwa ta haɗiye.

Washegari aka shimfiɗa gado a lungun ɗakin ajiya. Da magariba Nighat ta shiga, ta yi bisimilla, ta tura hannu biyu ƙarƙashin bargon da ba kowa a cikinsa. Ta ji nauyi. Ta ji ƙashin kafaɗa, siriri, mai zafi.

"A hankali, 'yata," aka ce. "Nan ne ke ciwo."